Intanet da matsalar kafa hujja a rubutun ilimi

Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a watan Mayun 2024 ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan intanet da ake iya buɗewa a shekarar 2013 sun ɓace bayan shekaru goma.

Wannan adadi ya shafi duk wani ɗalibi ko malamin jami'a da ke kafa hujja da abin da ya karanto a intanet, domin hujjar da ba a iya komawa a duba ta, ƙarfinta ya ragu ƙwarai.

A shekarun baya, mai rubuta kundin digiri kan shafe makonni a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko a Gidan Arewa da ke Kaduna, yana bin littattafai da tsofaffin takardu ɗaya bayan ɗaya.

Idan ya ce ya samo wata magana a shafi na 45 na wani littafi, to ko bayan shekaru hamsin mai son tabbatarwa zai tarar da ita a wannan shafi.

A yau kuwa, wani babban kaso na abin da ɗalibai ke dogara da shi daga wayar salula ko kwamfuta yake fitowa, kuma shafin intanet na iya sauyawa ko ya gushe cikin dare guda.

Dalilin ambaton majiya

A al'adar rubutun ilimi, ana ambaton majiya ne saboda dalilai uku.

Na farko shi ne bai wa mai haƙƙi haƙƙinsa, wato a bayyana wanda ya fara kawo wani tunani ko ya tattara wasu alƙaluma.

Na biyu shi ne a nuna wa mai karatu inda maganar marubuci ta tsaya da inda ta wani ta fara.

Na uku, wanda shi ne intanet ya fi yi wa barazana, shi ne a buɗe wa mai karatu hanyar da zai bi ya koma ga tushen maganar, ya gani da idonsa ko an naƙalto ta daidai.

Wannan manufa ba baƙuwa ba ce ga waɗanda suka yi karatun hadisi, inda malamai suka kafa fanni guda a kan isnadi, suna bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya domin a san daga wa aka ji magana, kuma ko shi ɗin abin amincewa ne.

Jerin manazarta da ke ƙarshen kundi ko maƙala irin wannan aiki yake yi. Idan adireshin da aka bayar ya mutu, silsilar ta yanke ke nan.

Tambayoyi huɗu

Ko da yake tsare-tsaren ambaton majiya na da yawa, dukansu na neman amsar tambayoyi huɗu ne: wa ya rubuta, yaushe, mene ne sunan aikin, kuma a ina za a same shi.

A littafi, amsoshin na nan a shafukan farko. A intanet kuwa sai an yi bincike.

Sau da yawa ba a ganin sunan marubuci a shafi. A irin wannan hali ana ɗaukar hukumar da ta mallaki shafin a matsayin mai aikin, kamar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a Nijeriya, ko Hukumar Lafiya ta Duniya.

Idan babu mutum babu hukuma, sai a fara da taken rubutun. To amma rashin sanin mai magana kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar dogara da ita.

Batun kwanan wata ma na da tarko. Shekarar da ake gani a can ƙasan shafi galibi ta haƙƙin mallakar gidan intanet ɗin ce baki ɗaya, kuma takan sauya da kanta kowace shekara, don haka ba ita ce ranar wallafa rubutun ba.

Idan ba a samu ainihin ranar ba, ƙa'ida ita ce a nuna cewa babu kwanan wata, maimakon a ƙirƙiro.

Akwai kuma ranar da mai bincike ya buɗe shafin. Wannan na da amfani musamman ga shafukan da aka gina su domin su riƙa sauyawa, irin su taswira, ko farashin kuɗaɗen waje, ko adadin masu kamuwa da wata cuta da ake sabuntawa kullum.

Haka nan yawancin shafukan intanet ba su da lambar shafi. Mai ɗauko magana kai tsaye kan ambaci lambar sakin layi ko kan sashen da maganar take.

Idan kuwa bidiyo ne ko sauti, kamar lacca a YouTube ko shirin rediyo, sai a faɗi minti da daƙiƙar da maganar ta zo.

Tsare-tsaren da ake bi

Tsarin da ya fi yaɗuwa a fannonin ilimin koyarwa da na zamantakewa shi ne na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, wanda aka fi sani da APA. Asalinsa wata gajeriyar maƙala ce da aka buga a 1929, kuma bugu na bakwai na littafin ƙa'idojinsa ya fito a 2019.

Masu nazarin harshe da adabi sun fi karkata ga tsarin MLA, yayin da masana tarihi da dama ke bin na Chicago, wanda aka fara bugawa a 1906. Akwai kuma tsarin Harvard da ya yi ƙarfi a Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarin karatunta.

Wasu jami'o'in, kamar ta Ibadan, na da nasu littafin ƙa'idoji na cikin gida.

Tarihin waɗannan tsare-tsare na nuna yadda su kansu masu tsara dokokin suka sha fama da intanet.

A bugunsa na bakwai da ya fito a 2009, tsarin MLA ya daina wajabta rubuta adireshin shafi, bisa hujjar cewa adireshin kan yi tsawo kuma yakan sauya. Amma a bugu na takwas na 2016 sai ya dawo yana ba da shawarar a riƙa sa shi.

Shi kuwa APA, a bugun 2019 ya ci gaba da taƙaita ambaton ranar buɗe shafi ga shafukan da ke sauyawa kawai, ya kuma daina neman sunan garin da maɗaba'a take.

Saboda haka ɗalibin da ya kwaikwayi tsarin manazarta daga wani tsohon kundi da ya tarar a sashensu na iya bin dokar da aka riga aka soke. Abin da ya fi shi ne ya tambayi malamin da ke duba aikinsa tsari da bugun da sashen ya amince da su, sa'annan ya tsaya a kansu daga farko har ƙarshe.

Adireshin da ke mutuwa

Matsalar ɓacewar shafuka ba ta bar manya ba.

A 2011, a cikin wata shari'a kan wasannin bidiyo masu nuna tashin hankali, Mai Shari'a Samuel Alito na Kotun Ƙolin Amurka ya kafa hujja da wani shafin intanet.

Ba a jima ba shafin ya mutu. Wani mutum ya sayi adireshin, ya liƙa saƙon barkwanci yana shaida wa duk wanda ya biyo sawun hukuncin cewa abin da alƙalin ya gani ya daɗe da gushewa.

Wani bincike da Jonathan Zittrain da Kendra Albert da Lawrence Lessig na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2014 ya gano cewa kusan rabin adireshin intanet da ke cikin hukunce-hukuncen wannan kotu ba sa kai mutum ga abin da aka ambata.

A wasu mujallun shari'a da suka duba, adadin ya haura kashi 70 cikin ɗari.

A cikin shekarar ce kuma wasu masu bincike daga Amurka da Birtaniya suka bayyana a mujallar PLOS ONE cewa ɗaya cikin kowaɗanne maƙalu biyar na kimiyya da fasaha da likitanci na fama da wannan matsala.

Matsalar iri biyu ce. Akwai adireshin da ke mutuwa ɗungurungum, inda mai nema zai ci karo da saƙon nan mai lamba 404.

Akwai kuma wadda ta fi haɗari, inda shafin ke buɗewa lafiya lau, amma an sauya abin da ke ciki. Mai duba aiki zai ga alƙaluman da ke shafin sun saɓa da waɗanda ɗalibi ya rubuta, har ya zaci ƙarya aka shirga.

Dalilan ɓacewar na da yawa. Wata hukuma kan sake fasalin gidanta na intanet, wani kamfani kan rushe, wani kuma kan manta bai biya kuɗin sabunta rajistar adireshinsa ba.

A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe dandalin GeoCities, wanda ke ɗauke da miliyoyin shafukan jama'a. A farkon 2025 kuma, bayan sauyin gwamnati a Washington, an cire dubban shafuka daga gidajen intanet na hukumomin Amurka, ciki har da na kiwon lafiya.

Hanyoyin rigakafi

Maɗaba'un mujallun ilimi sun nemi mafita ta hanyar bai wa kowace maƙala lamba ta dindindin da ake kira DOI, wadda koyaushe ke farawa da 10.

Lambar na aiki ne kamar rajista. Ba ta nuna shafi kai tsaye, sai dai ta kai ga wani kundin tsakiya da ke riƙe da adireshin maƙalar na yanzu. Idan mujalla ta yi ƙaura, maɗaba'a ce ke sabunta adireshin a kundin, lambar kuwa tana nan yadda take.

Ƙungiyar Crossref, wadda manyan maɗaba'u suka kafa a 2000, ita ce ke rajistar mafi yawan lambobin maƙalun mujallu. Shi ya sa manyan tsare-tsaren ke cewa idan maƙala na da DOI, to ita za a rubuta a maimakon adireshi.

Sai dai lambar ma ba ta da tabbas ɗari bisa ɗari. Wani nazari da Martin Eve na kwalejin Birkbeck da ke Landan ya wallafa a 2024 kan ayyuka fiye da miliyan bakwai masu DOI ya nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu ba a adana su a manyan rumbunan ajiya ba. Idan maɗaba'arsu ta rufe, suna iya tafiya tare da ita.

Ga shafukan da ba su da DOI, kamar labaran jaridu da sanarwar hukumomi, madogara ita ce rumbun Internet Archive, wanda Brewster Kahle ya kafa a 1996 a birnin San Francisco.

Sashensa mai suna Wayback Machine, da aka buɗe wa jama'a a 2001, na ɗaukar hoton shafuka yana adanawa tare da ranar da aka ɗauka. A watan Oktoban 2025 rumbun ya yi bikin cika shafuka tiriliyan ɗaya.

Kowa na iya umartar rumbun ya adana masa shafi kyauta, ya kuma samu sabon adireshi mai nuna shafin kamar yadda yake a wannan rana. Wannan adireshi ne ya kamata ya shiga manazarta tare da na asali.

Ɗakin karatun Makarantar Shari'a ta Harvard ma ya samar da makamancin haka a 2013 mai suna Perma.cc, wanda kotuna da mujallun shari'a ke amfani da shi.

Littattafan da ke cikin manhaja

Ɗaliban Larabci da nazarin addinin Musulunci na da tasu matsalar ta daban.

Tun bayan ɓullar manhajar Maktaba Shamila a 2005, dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da tarihi sun shigo hannun ɗalibai kyauta, ana kuma iya lalubo kalma guda a cikinsu cikin ƙiftawar ido.

To amma manhajar rumbu ce kawai. Abin da ake ambata shi ne littafin, da mai shi, da wanda ya yi masa tahƙiƙi, da maɗaba'a, da shekarar bugu, da juzu'i da shafi.

Manhajar kan nuna ko lambobin shafukan wani littafi sun dace da na bugun takarda ko kuwa na'ura ce ta jera su. Wanda ya ɗauki lambar da na'ura ta jera ya danganta ta ga bugun Alƙahira ko na Beirut ya aika mai karatu inda ba zai samu kome ba.

Hatta lambobin hadisai kan bambanta daga bugu zuwa bugu. Lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi na Sahih Muslim, alal misali, ya sha bamban da na wasu bugunan, don haka ya dace a faɗi lissafin da aka bi, a kuma haɗa da sunan babi.

Ƙa'idar ɗaya ce ga littattafan da ke yawo a matsayin PDF. Idan hoton bugun takarda ne, sai a ambaci wannan bugu. Idan kuwa wani ne ya sake buga shi da hannu a kwamfuta, babu tabbacin bai yi ragi ko ƙari ba.

Wikipedia da shafukan sada zumunta

A 2007 sashen tarihi na kwalejin Middlebury da ke Amurka ya haramta wa ɗalibansa kafa hujja da Wikipedia, bayan da wani malami ya lura cewa ɗalibai da dama sun maimaita kuskure iri ɗaya a jarrabawar tarihin Japan, ya kuma gano daga nan suka kwaso shi.

Shi kansa Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia a 2001, ya sha faɗin cewa bai dace ɗalibin jami'a ya dogara da kundin bayanai irin wannan a matsayin hujja ba.

Amfaninta shi ne ta nuna hanya. Mai bincike kan gangara zuwa majiyoyin da aka jera a ƙasan shafi, ya buɗe su, ya karanta, sa'annan ya ambaci abin da ya karanta ɗin.

Saƙonnin Facebook da X da bidiyon YouTube kuwa ana iya ambatonsu, musamman idan su ne abin da ake nazari, kamar mai binciken salon Hausar matasa ko yaƙin neman zaɓe. Ana rubuta sunan mai shafin, da cikakkiyar rana, da farkon saƙon, da adireshinsa. Tun da mai saƙo na iya goge shi a kowane lokaci, adana hotonsa wajibi ne.

Saƙon WhatsApp ko na imel da mai karatu ba zai iya isa gare shi ba, tsarin APA na ɗaukarsa a matsayin zance tsakanin mutum biyu. Ana ambatonsa a cikin rubutu tare da rana, amma ba ya shiga jerin manazarta.

Saƙon da aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure ba tare da sanin asalinsa ba, shi kam bai wuce jita-jita ba.

Ramin ƙarya

Sauƙin kwafe rubutu daga intanet ya ƙara yawan satar fasaha, amma kuma ya sauƙaƙa kama masu yi.

A watan Fabrairun 2003 gwamnatin Birtaniya ta fitar da wani rahoto kan hukumomin leƙen asirin Iraƙi, wanda Sakataren Harkokin Wajen Amurka na lokacin, Colin Powell, ya yaba a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Cikin 'yan kwanaki wani malamin Jami'ar Cambridge, Glen Rangwala, ya gano cewa an kwafo sassa masu yawa na rahoton daga wata maƙala da Ibrahim al-Marashi ya wallafa a wata mujallar intanet a 2002, ba tare da ambatonsa ba, har da kurakuran rubutun da ke cikinta. Daga bisani gwamnatin ta amsa kuskurenta.

A Jamus kuwa, Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin digirgir na ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg a Fabrairun 2011, bayan da masu sa kai suka haɗu a intanet suna bin kundinsa shafi bayan shafi suna nuna inda aka kwafo kowane sashe. Ya yi murabus a ranar 1 ga watan Maris.

Jami'o'i da dama a Nijeriya na amfani da manhajojin gano kamanceceniyar rubutu irin su Turnitin, kuma a 2021 Kwamitin Shugabannin Jami'o'in ƙasar ya ƙaddamar da tasa mai suna EagleScan.

Sauya 'yan kalmomi ba ya wanke mutum. Fassara ma haka: wanda ya mayar da maƙalar Turanci ko ta Larabci zuwa Hausa bai ambaci mai ita ba, ya ci haƙƙinsa, ko da manhaja ba ta gano ba.

Majiyoyin da babu su

Fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 ta kawo wata sabuwar matsala, wato majiyar da ba a taɓa rubutawa ba.

Irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira na harhaɗa kalmomi ne bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya. Saboda haka suna iya kawo sunan marubuci na gaske, da mujalla ta gaske, da shekara da shafi, alhali babu wannan maƙala a duniya.

A watan Yunin 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000, bayan da suka gabatar da hukunce-hukunce shida na bogi da ChatGPT ya ba su, a wata ƙara da aka shigar kan kamfanin jiragen sama na Avianca.

A cikin shekarar ne manyan mujallun kimiyya, Nature da Science, suka bayyana cewa ba za a lissafa manhaja cikin marubuta maƙala ba, tun da ba ta iya ɗaukar alhakin abin da ta faɗa. Ƙungiyar APA ita ma ta fitar da jagora kan yadda za a bayyana amfani da irin waɗannan manhajoji.

Tsohuwar ƙa'idar ita ce ke magance wannan: ba a ambaton abin da ba a buɗe an karanta ba.

Aikin ranar farko

Yawancin kurakuran manazarta na faruwa ne saboda an bar haɗa su sai daren miƙa kundi, lokacin da ɗalibi ke ƙoƙarin tuno inda ya ga wata magana watanni shida da suka wuce.

Masu kula da ɗakunan karatu kan ba da shawarar a rubuta sunan marubuci da take da rana da adireshi a daidai lokacin da aka karanta shafi, a sauke kwafinsa a ajiye, a kuma adana shi a rumbun intanet. Manhajoji na kyauta irin su Zotero na taimakawa wajen tattara bayanan da jera su bisa tsarin da ake so, ko da yake su ma sai an bi bayansu an duba.

Kafin a kai kundi wurin ɗauri, ya dace a sake buɗe kowane adireshi ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan aikin 'yan mintoci ne a kan kowace majiya. Amma shi ne zai sa ranar kare kundi, idan mai jarrabawa daga wata jami'a ya nemi ganin inda aka samo wani adadi, ɗalibi ya iya nuna masa shafin kamar yadda yake a ranar da ya karanta shi.